Gidan haya na farko: filat biyu, gidan ɗakuna, ko ka sayi fili ka gina?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi a Kano ya ce zai sa su a gidan haya, abu uku dillalai za su zagaya da shi ya gani. Ko dai ginannen gida mai sassa biyu, kowane sashe da falonsa da ɗakuna biyu ko uku da kicin da banɗaki, wanda suke kira filat biyu. Ko gidan ɗakuna, irin mai ciki da falo shida ko takwas a jere, kowa na kallon ƙofar kowa. Ko kuma dillali ya matso kusa ya rage murya ya ce, "Alhaji, me zai sa ka sayi ginin wani? Ga fili can gaban Rijiyar Zaki, ka gina abin da ranka yake so."

Akwai na huɗu mai ɗaukar ido, wato bene guda na iyali ɗaya, mai dogon get da fitilu a kan katanga. Wannan bari in sallame shi tun yanzu. Ɗan haya ɗaya ne a ciki, ranar da ya kwashe kayansa ko sisi ba za ta ƙara shigo maka ba har sai ka samu wani, kuma masu iya biyan hayar irinsa a Nassarawa ko Bompai ba su da yawa, galibi kamfanoni ne da ƙungiyoyi, su ma sai sun zaɓa sun darje. Mai gidaje biyar zai iya jiran su wata takwas. Mai farawa ba zai iya ba.

A cikin ukun da suka rage, ni na fi karkata ga filat biyu, ginanne, mai takardu tsaf, a unguwar da ruwa ba ya wahala. Sai dai ba kowa wannan zaɓi ya dace da shi ba, kuma akwai wuraren da sauran biyun suka doke shi.

Abin da haya take kawowa

Mu fara da lissafi, don a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, ka sayi filat biyu a kan naira miliyan 60, kowane sashe ana biyan miliyan 1 da rabi a shekara. Miliyan 3 ke nan, kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan. Amma ai ba miliyan 60 ka kashe ba. Akwai la'adar dillalai, wadda yawanci kashi 5 ce daga wajen mai saye, akwai kuɗin lauya, kuɗin rajista da na canjin suna, sannan fenti da gyaran famfo da canza makullai kafin kowa ya shiga. Mu ce ka tashi a miliyan 66. Daga cikin miliyan 3 ɗin nan kuma cire gyaran shekara, da kwashe masai, da watan da wani sashe zai zauna ba kowa. Idan ka tsira da miliyan 2 da dubu 400, ribarka ba ta kai kashi 4 ba.

Yanzu dubi sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari da aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci. Wanda aka fara fitarwa a 2017 ya ba da kashi 16.47 a shekara, na 2025 kuwa kashi 19.75, ba ka da rigimar ɗan haya, ba ka da yoyon kwano. To me zai sa mai hankali ya bar wannan ya tafi ga kashi 4?

Amsar tana cikin abin da muka gani da idonmu tun 2023. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ake canzawa a hukumance kan naira ɗari huɗu da wani abu ta haye 1,500 a farkon 2024. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda ya ba da miliyan 60 a takarda, miliyan 60 ɗin za a mayar masa idan wa'adi ya cika, ko da a lokacin ba za ta gina rabin abin da take ginawa a da ba. Shi kuwa gida, farashinsa yana bin siminti da rodi da filin da yake kai, hayarsa ma ana ɗaga ta. Don haka wanda yake neman kuɗin cefane na wata-wata daga jarinsa, gidan haya ba zai gamsar da shi ba a shekarun farko. Wanda yake neman inda zai adana guminsa kada naira ta cinye shi, da ɗan abin da zai riƙa ɗigowa a kai, shi ne maganar nan ta shafa.

Gidan ɗakuna: ya fi kuɗi, ya fi ciwon kai

In dai lissafin takarda za a bi, gidan ɗakuna ne kan gaba. Ana gina shi a unguwar da fili bai yi tsada ba, ba a kashe masa kuɗin tayil mai tsada da ƙofofin waje, kuma talakawa masu neman ciki da falo ba sa ƙarewa. A irin misalinmu, gidan miliyan 40 mai sassa takwas, kowanne dubu 400, zai kawo miliyan 3 da dubu 200, wato kashi 8. Idan mutum ɗaya ya tashi, kashi ɗaya cikin takwas ka rasa, alhali a filat biyu rabi ne ya tafi. Wannan fifiko ne na gaske, ba na raina shi.

Amma shiga irin gidan nan da ƙarfe bakwai na safe ka tsaya a tsakar gida. Bokitai a jere bakin famfo guda, igiyar shanya ta ratsa daga wannan ƙusa zuwa waccan, wata na wanke-wanke ruwan yana gangarawa ƙofar wata, ga takardar kuɗin wuta maƙale a jikin soro an rubuta sunaye takwas da biro, uku an soke, biyar ba su biya ba. Duk wannan a kanka zai ƙare. Masai yana cika da wuri. Mai firiji biyu da mai ƙwan fitila ɗaya kuɗin wuta ɗaya ake so su biya, kuma kai za a kira ka raba gardama. Su kansu 'yan hayar, yawancinsu masu samun yau da gobe ne, mutanen kirki, amma ranar biya sai a kawo maka rabi a ce, "Baba, a yi haƙuri zuwa bayan salla." Mutum takwas, haƙuri takwas. Wanda yake da ɗan'uwa ko wakili mai tsayayyen ido da zai riƙa leƙawa kullum, ko shi kansa ba ya da wani aiki da ya ɗaure shi, zai ci ribar gidan ɗakuna. Ma'aikacin da yake ofis daga safe zuwa la'asar, ko 'yar kasuwar da take Kwari tun hantsi, gidan zai koma musu aiki na biyu da ba su nema ba.

Akwai ɗan'uwansa, ɗakunan ɗalibai a kusa da sabuwar jami'ar Bayero, wajen Danbare da Rimin Gata. Ɗalibai suna biya gaba ɗaya saboda iyaye ne ke turowa, kuma ba su da rigimar iyali. Sai dai kasuwarsu a ɗaure take da kalandar makaranta. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakuna a kulle, wanda hayarsa ta ƙare ba ya gaggawar sabuntawa, sababbin ɗalibai kuma ba su zo ba. Wanda duk jarinsa yake wuri guda irin wannan, sai ya shirya wa irin wannan shekara.

Filat biyu tsaka-tsaki ne. Mutum biyu kacal za ka sani, yawanci ma'aikata ko 'yan kasuwa masu iyali da suke biyan shekara gaba ɗaya, kuma ba sa son tashi saboda makarantar yara. Gyara kaɗan ne, kuma ranar da ka so sayarwa masu saye sun fi yawa, domin mai neman gidan zama ma zai taya, ba mai neman jari kaɗai ba. Gidan ɗakuna kuwa sai ɗan'uwanka mai lissafin haya, shi kuma zai taya ne da kalkuleta a hannu.

A jere, ko sama da ƙasa?

Wannan tambaya mutane ba su cika yi ba, alhali a ƙasar Hausa ita ce take raba gidan da ake rububi da wanda yake daɗewa da allon "akwai haya". Filat biyu iri biyu ne: masu jere da juna a ƙasa, katanga ta raba su, da kuma bene, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Bene yana tattalin fili. A rabin fuloti za ka samu sassa biyu har da wurin ajiye mota, shi ya sa ya yi yawa a unguwannin da ƙasa ta yi tsada irin su Zoo Road da Tarauni. Amma matsalarsa ta farko sitara ce. Tagar na sama tana kallon tsakar gidan na ƙasa, matar na ƙasa ba ta da damar fitowa shanya ko shan iska sai da hijabi. Magidanta da yawa da sun ga haka za su ce a nuna musu wani. Na biyu, get ɗaya ne da harabar gida ɗaya: baƙin wannan su ratsa ta gaban ƙofar wancan, wa ya bar get a buɗe, motar wa ta tare ta wa. Na uku, duk abin da ya faru a sama sai ya sauko. Idan ka shiga sashen ƙasa, ɗaga kai ka dubi silin daidai ƙarƙashin banɗakin sama. In ka ga tabo ruwan ƙasa-ƙasa mai zagaye, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko kuma an yi sabon fenti a wannan kusurwa kaɗai, to bututu yana yoyo cikin simintin da ya raba sama da ƙasa, kuma gyaransa sai an fasa tayil. Ƙara da jan kujera, da guje-gujen yara, da turmin da ba a isa a daka a sama ba. Shi ma na saman da tasa: zafin Afrilu ƙarƙashin kwano, hawa da jarkar ruwa ranar da tanki ya ƙafe, tsohuwar da ba ta iya matakala.

Sassan da suke jere a ƙasa, kowa da ƙofarsa ta waje da ɗan tsakar gidansa, su ne suka fi dacewa da zaman mutanenmu. Suna cin fili, don haka sai ka ɗan fita daga tsakiyar gari, amma ɗan haya yana jin kamar gidansa ne shi kaɗai, kuma a kan wannan jin yake yarda ya biya ƙari. Wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: irin wannan gida yana rabuwa. Ko a wajen gado, ko in buƙata ta taso ka so sayar da rabi, katanga ta riga ta yi aikin. Idan kuɗinka ya kai, kuma duka biyun suna gabanka, ɗauki na jere.

Ka zauna a ɗaya, ko ka ba da duka?

Babban abin da filat biyu ya fi sauran da shi ke nan: za ka iya shiga sashe ɗaya, ka sa ɗan haya a ɗayan. In har yanzu kai ma haya kake biya, wannan kusan ba shi da abokin gardama. Hayar da kake kai wa wani ta tsaya a aljihunka, ta maƙwabci kuma ta shigo. Idonka yana kan gidan, famfo ba zai yi wata uku yana zuba ba tare da ka sani ba.

Amma a faɗi gaskiya, zama kusa da ɗan haya yana da nasa nauyi, kuma nauyin na kunya ne. Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci da asuba, matarsa ta aiko muku da abincin suna, yaranku suna tafiya Islamiyya tare, ta yaya za ka buga masa ƙofa ka ce wata biyu ke nan da cikar haya? Ta yaya za ka ƙara masa kuɗi? Da yawa sukan yi shiru, haya ta tsaya cak shekara huɗu alhali komai ya ninka. Idan kuma matan gida suka samu saɓani, ba ka da inda za ka gudu. Maganin da na ga yana aiki shi ne tun ranar farko a sa wani a tsakani, lauya ko wakili, shi zai rubuta yarjejeniya, shi zai tura takardar tuni, kuɗi kuma ta banki za su shiga. Kai da maƙwabcinka sai gaisuwa da zumunci.

Sai kuma dangi. Sashen da ya zauna ba kowa a gidan da kake ciki, kowa a zuri'a ya san da shi kafin sati ya zagayo. Ƙanenka zai yi aure, Hajiya ta kira ka ta ce, "Ai ga wancan ɓangaren, ya ɗan zauna kafin Allah ya hore masa." Ba ka isa ka ce a'a ba, kuma alheri ne, Allah ya ba da lada. Illa dai ka sani daga ranar gidan ya tashi daga jari ya koma gidan gida. Wanda ya san haka yanayin gidansu yake, ko dai ya sa wannan cikin lissafi tun farko, ko ya tabbatar ya samu ɗan haya kafin labari ya bazu.

Saye ko gini

Masu cewa ka gina da kanka suna da hujja. Kai ka san yawan simintin da aka zuba a bulo, ka san kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi, kai za ka raba wayar wuta da bututun ruwa da sokawe tun daga tushe yadda kowane sashe zai tsaya da ƙafarsa. Ba ka biyan ribar wanda ya gina don sayarwa, kuma irin waɗannan gidaje na "gina ka sayar" sau da yawa kwalliyarsu a fuska take: fitilu masu launi a silin, tayil mai sheƙi, amma damina biyu bango ya fara tsagewa. Sannan gini yana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan. Za ka iya kammala sashe ɗaya, ka sa haya, ka riƙa tara kuɗin kana ɗaga na biyu.

Inda gini yake kayar da mai farawa wuri biyu ne. Na farko farashi ba ya jiran ka. Buhun simintin da ake saye dubu huɗu zuwa biyar a 2023 ya haye dubu goma a farkon 2024, rodi da kwano da waya suka bi shi. Wanda ya yi lissafin kammalawa da abin da ke hannunsa sai ya tsinci kansa a linta kuɗi sun ƙare. Zagaya bayan gari ta kowace hanya, Gwarzo ko Zariya ko Haɗeja, ka ƙirga kangwaye da ciyawa ta fito a falonsu. Kowane ɗaya kuɗin wani ne a kwance, ba haya, ruwa na dukan bulo. Na biyu, filin da kuɗin mai farawa yake iya saye yawanci yana inda gari bai ƙarasa ba: ba titi, ba turakun wuta, mai adaidaita sahu ba ya shiga in an yi ruwa. Fili zai yi daraja nan da shekara goma, wannan gaskiya ne, amma ɗan hayan da zai biya miliyan da rabi yana son ya isa wurin aiki cikin rabin awa yau. Ga kuma tsayuwa a kan magina, wanda duk wanda ya taɓa yi ya san ba aikin waya ba ne, da neman izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kafin a sa bulo ɗaya.

Ginannen gida kuwa, wata ɗaya ko biyu bayan ciniki haya ta fara shigowa, kuma kana ganin unguwar yadda take, ba yadda ake fatan za ta zama ba. Sharaɗin kawai kada ka saya da ido. Ka je da injiniya ko tsohon magini wanda ba shi da alaƙa da dillalin, ya hau cikin silin ya ga katako, ya ƙwanƙwasa fulasta, ya buɗe murfin sokawe. In da hali ka ga gidan a watan Agusta, bayan an tafka ruwa: nan za ka san ko layin yana zama kogi, ko danshi yana hawa bango daga ƙasa. Gidan da aka nuna maka a watan Janairu bai gaya maka komai ba tukuna.

Takardu

Nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta, kuma ya shafi duk zaɓin da ka yi. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, abin da kake riƙewa haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99 ga gidan zama, kuma dokar ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi ga wani. Don haka takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa tana da amfani, amma ba ita ce ƙarshen magana ba.

A Kano za ka ji ana cewa wannan awon gwamnati ne, wancan awon igiya. Awon igiya gona ce da masu ita suka yanka suka sayar, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma rabin gari a kansa yake zaune lafiya. Amma layukansa ƙanana ne, wani lokaci mota ba ta juyawa, banki ba ya karɓar takardarsa a matsayin jingina, kuma in aikin titi ya biyo ta kai, matsayinka wajen diyya ba ɗaya ba ne da na mai satifiket. Ga gidan haya na farko, wanda wataƙila shi ne duk abin da ka mallaka, ƙarin kuɗin awon gwamnati bai ɓaci ba. In an nuna maka satifiket, kada ka tsaya a hoton da aka turo ta WhatsApp. Lauyanka ya je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, ya bincika fayil ɗin, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS: sunan wa ke ciki, ana bin kuɗin ƙasa na shekara nawa, an jinginar da shi a banki ko a'a. Mai sayarwa da ya ce asalin takardar "tana wajen wani yayana" sai a dakata har ta fito. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, wanda ya taɓa gine-ginen da aka yi a filayen da sabuwar gwamnati ta ce na jama'a ne, ya isa ya sa mutum ya tambayi asalin fili, musamman in a jikin makaranta yake, ko maƙabarta, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta.

Gidan gado kuma sai an bi a hankali, ga shi su ne suka fi zuwa da sauƙin farashi saboda magada suna gaggawar raba kuɗi. Ka tabbatar an yi rabon, ko kotu ta ba da izinin sayarwa, kuma kowane magaji ya sa hannu, har da mata da suke aure a wani gari da wakilin marayu. Idan kason mutum ɗaya kake saye a gidan da ba a raba ba, ka tuna a mazhabar Malikiyya abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason.

Idan da mutane a cikin gidan, tambayi kowannensu da bakinka yaushe hayarsa za ta ƙare, ka ga rasit. Ba abin mamaki ba ne mai gida ya karɓi hayar shekara biyu sannan ya sa gidan a kasuwa. Kuma fitar da ɗan haya ba a yin sa da cire ƙofa ko kwance kwano. A ƙa'idar da aka saba bi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata wata ɗaya, bayan nan a ƙara na kwana bakwai, sannan a tafi kotu.

Da wane kuɗi?

Bashin banki na kasuwa ba ya cikin lissafi. Ko an ajiye maganar riba a addini gefe, babban banki da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankuna kuma sama da haka suke bayarwa. Gidan da yake kawo kashi 5 ba zai biya bashin kashi 30 ba, ko wane irin lissafi aka yi. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ake cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikata, yana ba da rance ta FMBN, bankin lamunin gidaje na tarayya, a kan kashi 6 har zuwa shekara 30, amma don gidan da za ka zauna ne, yana son takardu cikakku, yana ɗaukar lokaci, kuma kashi 6 ɗin ma ruwa ne, sai mutum ya tambayi malaminsa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, suna da tsarin ijara ko na haɗin gwiwa inda kake sayen kason banki sannu a hankali. Halaccin tsarin bai sa ya zama mai araha ba: karɓi jadawalin biyan, ka ajiye shi kusa da hayar da gidan zai kawo, ka ga gibin da albashinka zai riƙa cikewa kowane wata.

Mafi yawan mutane dai da kuɗin hannu suke saye: an sayar da fili, an kwashi adashi, an karɓi giratuti, ko an haɗa da ɗan'uwa. Filat biyu yana da daɗin haɗaka, kowa ya san sashensa. A rubuta kawai, da shaidu, tun ana dariya.

Ruwa da wuta

Abu biyun nan su ne tambayar farko da mai neman haya yake yi, kafin ma ya ƙirga ɗakuna. Ruwan famfo daga Tamburawa da Challawa ba ya isa ko'ina, kuma ƙasan Kano dutse ne a wurare da yawa, ana iya haƙa burtsatse a layi ɗaya a samu ruwa, a layi na gaba a sha wahala. Kada ka tambayi dillali. Tsaya ka tambayi mai shagon kan kwana nawa 'yan garuwa suke sayar da jarka a watan Afrilu, ka dubi yawan kurayen ruwa da ke wucewa. In gidan yana da burtsatse, a kunna a gabanka ka ga tanki ya cika, kuma a rubuta a yarjejeniya wa zai gyara injin in ya ƙone.

Wuta kuma, kowane sashe da mitarsa ta kati, ba tattaunawa. Ka je ofishin KEDCO da lambar gidan ka ga ko akwai tsohon bashi, don sau da yawa bashin wuta a kan gidan ake barin sa, ba a bin wanda ya tashi. Ka kuma san rukunin layin: tun Afrilun 2024 'yan rukunin A suke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit, wasu 'yan haya suna neman irin layin saboda wutar tana daɗewa, wasu kuma gudunsa suke yi.

Zakka ba ta kan ginin da aka ajiye don haya a wajen jumhurun malamai, tana kan kuɗin hayar ne in sun taru sun kai nisabi shekara ta zagayo a kansu. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara kuma a riƙa biya kada ya taru.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka zuba duk abin da kake da shi a ciniki har ka rasa na canza injin ruwa. Ka bar aƙalla kwatankwacin hayar sashe ɗaya ta shekara a gefe. Kuma in filat biyu ka saya, yi ƙoƙari kada hayar sassan biyu ta riƙa ƙarewa a wata ɗaya. Ɗaya ta cika a Janairu, ɗaya a Yuli, ko da sai ka karɓi wata shida a karon farko daga wajen ɗaya don a daidaita. Ta haka kuɗi suna shigo maka sau biyu a shekara, kuma da wuya su biyun su ajiye maka makulli a mako guda.